Hayaƙi da rashin kwal ne suka haifi jirgin ƙasa mai lantarki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan shafi domin in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake ta yi kwanan nan game da jirgin ƙasa mai amfani da lantarki. Tun da alhazanmu suka fara hawa jirgin da ke kai-komo tsakanin Makka da Madina, wanda aka buɗe a 2018, nake jin mutane suna magana kamar wannan fasaha jiya ta faɗo daga sama, wasu ma har suna cewa Sinawa ne suka ƙirƙiro ta domin gudu. Na yi shekaru ina koyar da aikin wuta a makarantar koyon sana'a kafin in yi ritaya, kuma abin da tarihi ya nuna mini shi ne, kamfanonin jiragen ƙasa na farko sun rungumi lantarki ne bisa tilas, kuma babban kuɗin da suka kashe ya tafi ne ga waya da tashar wuta, kan jirgin kuwa shi ne mai sauƙin ciki.

Tun a 1842 wani mutumin Abadin ta ƙasar Sikotlan mai suna Robert Davidson ya gwada kan jirgi mai batir a layin da ya haɗa Edinbura da Gilasgo. Ya yi tafiya, amma gudunsa bai wuce kilomita 6 a awa ba, wato tafiyar mai sauri a ƙafa, kuma ƙarfen da batirin ke cinyewa ya fi kwal tsada nesa ba kusa ba, saboda haka maganar ta mutu. Sai a 1879 Werner von Siemens ya nuna mafita a wani baje koli a Balin, inda ya bar janareta a ƙasa ya aika wa jirgin wuta ta ƙarfen da aka shimfiɗa tsakanin dogo. Ɗan ƙaramin abu ne da ke zagaya fili mai tsawon mita 300, direba yana zaune a bisansa kamar mai hawan jaki, amma ya ɗauki mutane kusan 90,000 cikin wata huɗu. Daga nan lantarki ya shiga ƙananan jiragen cikin gari da na ƙarƙashin ƙasa a Landan a 1890, amma manyan layukan da ke ɗaukar kaya daga gari zuwa gari suka ci gaba da kwal da tururi, domin ba su ga abin da zai raba su da shi ba.

Abin da ya fara raba su shi ne hayaƙi. A birnin Baltimo na Amurka, kamfanin Baltimore and Ohio ya haƙa rami mai tsawon fiye da kilomita 2 a ƙarƙashin titin Howard, kuma ramin hawa ne ta ɓangare ɗaya, wanda ke nufin injin tururi zai yi ta aman hayaƙi a wurin da babu mafita. A 1895 kamfanin General Electric ya kawo musu kawunan jirgi uku na lantarki, waɗanda su ne na farko da suka yi aiki a babban layi. Yadda aka yi amfani da su abin sha'awa ne. Idan jirgin tururi ya iso bakin rami, sai direbansa ya rufe tururi, kan lantarki ya zo ya kama shi ta gaba ya ja shi duka, da injinsa da taragunsa, har ƙarshen hawan, sannan ya sake shi ya koma ya jira na gaba. Jirgin da ke gangarowa kuwa ba ya buƙatar taimako, nauyinsa ne ke tura shi. Duk layin da aka sa wa wuta bai wuce ’yan kilomitoci ba, amma sai da kamfanin ya gina tashar wutarsa ta kansa, domin a lokacin babu mai sayar masa da wutar da za ta isa.

A Niyok kuwa sai da aka yi asarar rayuka. Ranar 8 ga Janairu 1902 wani jirgi ya afka wa wani ta baya a cikin ramin Park Avenue, domin hayaƙi da tururi sun rufe fitilun ba da hannu direba bai gan su ba, mutum 15 suka mutu nan take. A shekarar da ta biyo baya majalisar jihar ta kafa dokar hana injin tururi shiga tsakiyar birnin daga 1908. Kamfanoni biyu da ke amfani da wannan rami suka bi hanyoyi daban, kuma a nan ne gardamar da ta ɗauki rabin ƙarni ta fito fili. New York Central ya zaɓi wutar DC, mai gudu hanya ɗaya irin ta batir, a kan bolt 660 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta). Kamfanin New Haven, wanda layinsa ya fi nisa, ya zaɓi wutar AC mai kai-komo a kan bolt 11,000 ta wayar sama a 1907, ya kuma gina tashar wutarsa a Cos Cob.

Ina so mai karatu ya fahimci tushen wannan gardama, domin ita ce zuciyar labarin. Injin DC shi ne ya fi dacewa da jan kaya, yana da ƙarfi tun daga tashi kuma yana da sauƙin sarrafawa, amma taransifoma ba ta aiki da wutar DC, don haka dole a aika da ita da ƙaramin bolt, kuma irin wannan wuta tana raunana a hanya, sai an yi ta gina ƙananan tashoshi kusa da kusa ana sa waya mai kauri. Wutar AC tana tafiya nesa a siririyar waya, amma injinan wancan zamani ba sa jure ta. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin injin huda ƙarfe yana aiki ya ga tartsatsin da ke tashi wajen burushi. Nakan nuna wa ɗalibaina wannan in ce su ninka shi sau dubu, su ga abin da injiniyoyin farko suka yi fama da shi. Dabarar da aka yi a Suwizalan, a gwajin layin Seebach zuwa Wettingen tsakanin 1905 da 1909, ita ce a rage saurin kai-komon wutar domin tartsatsin ya ragu. A 1912 hukumomin jiragen ƙasa na Jamus suka amince da bolt 15,000 mai juyawa sau 16 da biyu bisa uku a daƙiƙa, alhali wutar gidajenmu tana juyawa sau 50. Har gobe Jamus da Ostiriya da Suwizalan da Suwidin da Nowe suna kan wannan tsari, wanda ya sa jiragensu ke da wutarsu daban da ta sauran jama'a.

Akwai hanya ta uku da wani injiniya ɗan ƙasar Hangare, Kálmán Kandó na kamfanin Ganz, ya bi, wato wuta mai layi uku. A 1902 ya sa wa layin Valtellina na arewacin Italiya, mai tsawon kilomita 106, bolt 3,000 daga ruwan duwatsun yankin. Injinan suna da ƙarfi da juriya, sai dai suna buƙatar waya biyu a sama, kuma inda dogo ya rabu sai wayoyin su zama kamar saƙar gizo. Da irin wannan wuta aka kai gudun kilomita 210 a awa a layin gwaji tsakanin Marienfelde da Zossen a 1903. Masu cewa gudu ne ya kawo lantarki su lura da cewa an kai wannan gudu, aka tafa, aka naɗe wayoyin, kuma babu kamfanin da ya ga riba a cikinsa sai bayan shekaru masu yawa. A ganina Kandó ya cancanci a fi saninsa, domin shi ne ya nace cewa jirgi ya sha wuta iri ɗaya da ta gari, kuma layin Budafes zuwa iyakar Ostiriya ya fara aiki da dabararsa a 1932, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Faransawa suka kammala aikin a shekarun 1950 da bolt 25,000 mai juyawa sau 50, tsarin da jirgin Adis Ababa zuwa Jibuti ke amfani da shi a yau, na Makka da Madina ma bolt 25,000 ne, sai dai mai juyawa sau 60.

Dalili na biyu bayan hayaƙi shi ne kwal. Suwizalan da Italiya ba su da kwal na a zo a gani, amma Allah ya hore musu duwatsu da ruwa mai gangara. Da yaƙin duniya na farko ya toshe hanyar shigo da kwal, Suwizalan ta rage jiragenta ƙwarai, kuma wannan wuya ce ta sa aka sa wa layin Gotthard wuta a 1920, hukumar jiragen ta gina madatsun Ritom da Amsteg domin shi. A nan aka yi kan jirgin nan da ake wa laƙabi da Kada, mai dogon hanci gaba da baya, wanda jikinsa ke lanƙwasa gida uku domin ya bi kwanonin dutse. A Afirka ta Kudu ma hawan duwatsun Natal da nauyin kwal ɗin da ake kaiwa birnin Durban na bakin teku ne suka sa aka fara sa wa layi wuta a 1925, kuma hukumar jiragen ce ta gina tashar wuta ta Colenso tun da farko.

Akwai kuma waɗanda suka sa waya suka cire. Kamfanin Milwaukee Road ya fara sa wa layinsa na duwatsun Montana bolt 3,000 a 1915, har ya kai kusan kilomita 700 a wannan yanki, kuma injinansa idan suna gangara sukan zama janareta su mayar da wuta cikin waya, wanda ke rage cin birki. Amma jiragen da ke bin layin a rana ba su da yawan da zai biya kuɗin kula da wayar, kuma a 1974 aka kashe wutar aka koma dizal, daidai lokacin da man fetur ya yi tashin gwauron zabo. Ramin Baltimo shi ma ya koma dizal tun 1952.

Mu a nan, dogo ya iso Kano a 1911, aka yi ta amfani da kwal ɗin Inugu, daga baya aka koma dizal, kuma jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 dizal yake sha. Ba mu da dogayen ramuka ko hawan dutse irin na Gotthard, don haka dalilan da suka tilasta wa mutanen farko ba su same mu ba, saura tsadar mai da yawan kaya, waɗanda lissafi ne kawai zai raba gardamarsu. Ba na adawa da a sa wa layin Kaduna zuwa Kano ko na Kano zuwa Maraɗi wuta wata rana. Roƙona ga Edita shi ne, duk sa'ar da wani jami'i ya yi wannan alkawari, wakilinku ya tambaye shi jirage nawa za su bi layin a rana, wace tasha ce za ta ba da wutar, Shiroro ce ko Kainji ko wata sabuwa, kuma shin za a ja wa jirgin layinsa na musamman ne ko zai bi sahun unguwanninmu wajen jiran a kawo wuta.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Tsohon malamin aikin wuta,
Kaduna.