Yawan ambato kaɗai ba ya auna masanin kwamfutar kwantam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankali kan wata al'ada da ta fara kama gari. In za a yabi masanin kimiyya, sai a buɗe shafinsa na Google Scholar, dandalin da ke ƙirga yawan ambaton maƙalolin masana, a kwafo lamba, a ce an ambace shi a maƙaloli sau dubu kaza. Ɗalibai a nan Maradi sun soma ɗaukar wannan lamba tamkar hatimin alƙali, alhali a fannin kwamfutar kwantam, wadda ke lissafi da kubit, wato ƙwayar bayaninta mafi ƙanƙanta, awon yana yaudara ƙwarai.

Ma'aunin da aka fi yawo da shi shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. In aka ce ma'aunin h na wani masani 20 ne, to yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Lissafin ba wuya, amma bai san wanda ya yi gumin aikin ba. Maƙalar da Google ya fitar a mujallar Nature a 2019 kan na'urar Sycamore mai kubit 53 tana ɗauke da sunaye sama da 70, kuma kowanensu yana kwashe ambaton gaba ɗaya zuwa shafinsa. Ma'aunin bai kuma raba yabo da suka ba. Google ya ce abin da na'urar ta gama cikin daƙiƙa 200 zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000, kamfanin IBM ya ce kwana biyu da rabi sun isa. Duk wanda ya ambaci maƙalar don ya musanta ta, ƙara mata lamba ya yi. Abin da ya fi damunmu shi ne aikin da aka janye: maƙalar 2018 kan ƙwayar Majorana, wadda ake fatan gina kubit da ita, Nature ta janye ta a 2021, amma ambaton da ta tara bai goge ba.

A duba masanin lissafi Peter Shor. A 1994, shi kaɗai, ya nuna yadda kwamfutar kwantam za ta farfasa babbar lamba zuwa lambobin da aka ninka aka same ta, wato ainihin abin da makullin sirri na RSA, mai tsare bayanai a intanet, ya dogara da wuyarsa. A 1995 ya nuna yadda kubit 9 za su tsare kubit ɗaya daga kuskure. Sai a 2001 aka gwada hanyarsa da kubit 7, aka raba 15 zuwa 3 sau 5. A Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin sirri guda uku saboda tsoron wannan hanya. Nan ne ake ganin tasiri, aiki ɗaya ya sa duniya sauya makulli.

Ga ɗan jarida ko ɗalibi, binciken bai fi awa ɗaya ba. A buɗe maƙaloli biyar da suka fi ambato, a ƙirga marubutan. A aikin gwaji, na farko yawanci shi ya riƙe aikin, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin gwaji. A ɓangaren lissafi kuwa jerin haruffa ake bi, matsayin suna ba ya nuna komai. A lura ko maƙala ta fito sau biyu, ɗaya daga arXiv, rumbun intanet da ake saka maƙala kafin a buga ta, ɗaya daga mujalla, ko an haɗa aikin masu suna iri ɗaya. A cire ambaton da mutum ya yi wa kansa. Sannan a nemi ko wani ɗakin gwaji daban ya maimaita sakamakon.

Matasan malamanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke haɗa takardun ƙarin girma zuwa CAMES, majalisar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka da dama, suna karanta jaridarka. Don Allah, in za ku buga lambar ambaton wani masani, ku haɗa da sunan aikin guda ɗaya da abin da ya warware.

Wassalam,
Wasu malaman lissafi da kimiyya, Maradi