Rahoton Kwamitin Gyaran Ajujuwan Islamiyya

Assalamu alaikum, iyayen yara da malamai. Cikin ikon Allah, gyaran ajujuwa huɗu da kuka ɗora wa kwamiti ya kammala. An sauya kwano da silin, an yi sabon daɓe, an shafa fenti ciki da waje. Ƙorafin da ake yi kan jinkiri da tsadar fenti ya iso mana, ga kuma dalili.

Tun zaman farko, injiniyan da ke cikinmu ya ba da shawara mu ari wasu ƙa'idoji daga tsarin LEED na Amurka, wanda ke tantance gine-gine masu kiyaye lafiya da muhalli. Neman takardar shaidarsu ya fi ƙarfin aljihunmu, kuma ba ita muke buƙata ba. Iyakokin sinadarai muka ɗauka. Fentin bango mara ƙyalli kada sinadaran da ke tashi daga jikinsa su wuce giram 50 a kowace lita. Su ne warin nan da ke sa ciwon kai a sabon ɗaki. Muka haɗa da iyakar dalma da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su bi, wato miligiram 90 a kowane kilo na busasshen fenti.

Maganar dalma ba ta ja dogon musu ba. Kowa ya tuna 2010, lokacin da gubarta ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Waccan daga duwatsun zinare da ake niƙawa a gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yaro mai ɓantarar bango ya kai yatsa baki ba ya buƙatar mai yawa kafin ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Fentin mai, musamman rawaya da ja, shi aka fi samu da ita. Shi ya sa muka mayar da gwangwanin da aka fara kawo mana, don babu bayanin komai a jikinsu, mai shagon kuma rantsuwa kawai yake yi.

Tsohon fentin ƙofofi da tagogi shi ya fi cin lokaci. Mai fenti ya so ya goge shi a bushe yadda ya saba, muka hana. Sai da aka jiƙa, aka kankare a kan leda, aka ƙulle dattin aka fitar. Haka aka yi da tsohon silin asbestos, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu, an jiƙa shi, an sauke allo-allo ba tare da fasawa ba. Mun kuma hana tsinka fenti da fetur.

Bencina an yi su da katako zalla, saboda gam ɗin da ke cikin allunan haɗi yana fitar da sinadarin fomaldihaid mai illa idan an shaƙa, ga zafin garinmu yana ƙara tayar da shi.

Rasit da lissafin kuɗi suna hannun ma'aji ga mai son dubawa. Ana roƙon malamai su bar tagogi a buɗe har zuwa ranar komawa karatu. Banɗakin 'yan mata ne bai samu shiga wannan zagayen ba, za a tattauna shi a taron iyaye mai zuwa, in Allah ya kai mu.