Game da modem ɗin nan da Linux ya ƙi gani

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ɗawainiya? Saƙonka ya iso, na kuma ga ranka ya soma ɓaci har kana cewa katin modem ɗin ya ƙone. Kada ka yar da shi tukuna. Tun da ka ce lokacin da Windows ke kan kwamfutar yana kiran layi lafiya lau, bai yi shiru ba sai da ka ɗora Linux, ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau. Abin da nake zargi shi ne rabin modem ne a hannunka.

Cikakken modem yana da abu uku a jikinsa. Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sauraron umarnin AT, wato yaren da kamfanin Hayes ya fito da shi a 1981 kuma kowa ya bi. Akwai cip mai mayar da bayanai su zama wannan ƙarar da kake ji in ana haɗa layi. Sannan akwai UART, wanda ke sa kwamfuta ta ga katin a matsayin ƙofar siriyal ta yau da kullum. Irin wannan ba ya neman direba na musamman, wato manhajar da ke sa tsarin aiki ya iya sarrafa na'ura, kowane tsarin aiki zai yi magana da shi. To a ƙarshen shekarun 1990 sai masu ƙera modem suka ga hanyar rage tsada. Wasu suka cire ƙwaƙwalwar, wasu suka cire har da cip ɗin sarrafa sauti, suka ɗora aikin gaba ɗaya a kan farosesar kwamfuta, ta hanyar manhajar da suka rubuta don Windows. Shi ne ake ce wa winmodem. Kamar gangar jikin mota ce da aka bar injinta a wani gareji: ranar da ka goge Windows, injin ka goge. Abin yana ba ni haushi har yau, domin mutane da yawa sun ɗora wa Linux laifin, alhali ba a ba masu rubuta shi bayanin yadda katunan ke aiki ba.

Saboda haka, kafin ka taɓa komai, ka san wane ne a cikin akwatin. Buɗe tagar rubuta umarni ka buga lspci -nn, ka nemi layin da ke ɗauke da Modem ko Communication controller ko Serial controller. A ƙarshen layin za ka ga lambobi biyu, kowace mai gurbi huɗu, da ɗigo biyu a tsakaninsu. Ta farko ita ce ta mai cip ɗin: 14f1 Conexant ne, 11c1 Lucent ne wanda daga baya ya koma Agere, 134d PCTel, 1057 Motorola, 12b9 kuma US Robotics. Kada sunan da ke jikin kwali ya ruɗe ka, domin kamfani ɗaya kan sayar da katuna masu suna iri ɗaya da cip dabam-dabam. In kana kokwanto, kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta da ta tarho, ka ciro katin ka karanta rubutun da ke kan baƙin cip ɗin da ya fi girma. Wani lokaci sitika ta rufe shi, sai ka ɗaga ta a hankali.

In lspci bai nuna komai ba, ko dai katin bai zauna daram a gurbinsa ba, ka sake danna shi ko ka canza masa gurbi, ko kuma tsohon katin ISA ne mai shiga dogon baƙin gurbi, wanda lspci ba ya gani sam. A laftof kuwa sau da yawa modem ɗin a jikin na'urar sauti yake raɓe, don haka aplay -l ne zai tona shi.

Daga nan sai ka buga dmesg | grep tty. In ka ga layi na cewa ƙofar siriyal ttyS4, ko mai kama da ita, 16550A ce, wato wani nau'in UART, kuma adireshinsa ya yi daidai da wanda lspci -v ya ba katin, to ka yi sa'a, cikakken modem gare ka, ƙofarsa kawai ka ɓata. Nan ne mutane ke yawan tuntuɓe. Linux daga sifili yake ƙirga ƙofofin, wadda Windows ke kira COM1 ita ce ttyS0, COM2 kuma ttyS1. Kuma ganin ttyS2 a cikin /dev ba ya nufin akwai wani abu a bayansa, fayilolin nan suna nan ko da kati ko babu. Umarnin setserial -g /dev/ttyS* zai nuna maka gaskiya, duk wanda aka rubuta wa unknown fanko ne. Na san ka ce Windows na nuna modem ɗin a COM3, shi ya sa ka dage a kan ttyS2. Amma in winmodem ne, wannan COM3 ɗin direba ne ya ƙirƙiro shi, babu ƙofar a zahiri.

In ka sami ƙofar, wvdialconf zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya har ya ji wadda ta amsa. Ni dai na fi son in buɗe minicom in rubuta AT da hannuna. Idan allo ya mayar da OK, magana ta ƙare, modem na raye, ATI3 kuma yakan faɗi sunansa. In an ce ba ka da izini, saka sunanka a rukunin dialout, ka fita ka sake shiga. In kuma NO DIALTONE ya fito, leƙa bayan akwatin, ramuka biyu ne a jikin katin, wayar bango a LINE take shiga, PHONE na kan tarho ne. Wasu layukan ƙararsu ba ta yi wa modem daidai, sai ka ba shi ATX3 ya kira ba tare da jiran ta ba.

Na ISA matsalarsa yawanci rikicin IRQ ce, wato lambar layin da na'ura ke jan hankalin farosesa da shi, tun da COM1 da COM3 duk 4 suke amfani da shi, COM2 da COM4 kuma 3. Rufe ƙofar da ba ka buƙata a BIOS, in kuma akwai wajen da ke tambaya ko tsarin aikinka PnP ne, wato mai saita katuna da kansa, ka ce a'a.

To in ya tabbata winmodem ne fa? Akwai hanya, amma zan gaya maka yadda take. Na Lucent mai cip ɗin sarrafa sauti shi ya fi sauƙin kai, da direban ltmodem, daga baya martian. Na Smart Link da yawancin waɗanda ke jikin na'urar sauti suna aiki da slmodemd, ƙofarsu kan fito da sunan ttySL0. Na Conexant, HSF da HCF, kamfanin Linuxant ne ya yi musu direba, a lokacin na kyauta an taƙaita gudunsa a 14.4k, cikakken 56k kuwa sai an biya. Akwai kuma wata 'yar manhaja, scanModem, da ke bincika katin ta faɗi wanda ya dace da shi. Sai dai kusan dukansu suna ɗauke da wani rufaffen ɓangare da kamfani bai saki asalinsa ba, an gina su ne don tsofaffin kanel, wato zuciyar Linux, galibi na 32-bit, kuma an daɗe ba a sabunta su ba. A kan tsohon Linux za ka iya cin nasara, matuƙar ka girka fayilolin da ake kira headers na kanel ɗinka kafin haɗa direban. A kan na zamani kuwa za ka iya shafe dare kana gyara kuskure, ka sabunta kanel washegari komai ya rushe. In ma wani tsarin aikin, FreeBSD, kake tunanin komawa, can abin ya fi ƙunci: pciconf -lv zai nuna maka katin, amma direbobin sun fi ƙaranci.

Shawarata, in lambar ta nuna winmodem kuma kanel ɗinka sabo ne, kada ka wahalar da kanka. Nemi modem na waje mai haɗawa da ƙofar siriyal, kusan dukansu cikakku ne, ga fitilu a gaba suna nuna maka inda kira ya tsaya. In kwamfutar ba ta da ƙofar, akwai na USB masu bin ƙa'idar CDC ACM, irin USR5637, da zarar ka soka sai ttyACM0 ya bayyana. Ka dai tabbatar kafin ka saya, domin a cikin na USB ma akwai rabin modem.

Ka turo mini layin nan na lspci -nn yadda yake, da abin da uname -r ya nuna, da sakamakon dmesg ɗin. Ka kuma faɗa mini ko faks kake son aikawa ko intanet za ka hau, domin manhajar da za mu saita ta bambanta.

Ka gaida mutanen gida da kyau. Allah Ya bar zumunci.

Naka,
amininka