Kafin a sayi jirgin ruwan yaƙi, a tambayi wanda zai gyara shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da kai da abokan aikinka baki ɗaya. Na karanta sharhin da kuka buga a kan jiragen ruwan yaƙi da ƙasashen Afirka ke saye a ƴan shekarun nan, kuma na ji daɗinsa. Sai dai sharhin ya tsaya ne a kan girman jirage da ƙarfin bindigoginsu, bai shiga abin da ni nake gani shi ne gundarin maganar ba. Na kuma ji wasu a nan Maraɗi suna cewa me ya haɗa mu da zancen teku, mu da ko gaɓa ba mu da ita. Abubuwan nan biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Na yi shekaru ina harkar fiton kaya daga tashar Kwatano zuwa Maraɗi, don haka na san cewa shinkafar da ke kasuwarmu, da man girki, da atamfa, da maganin asibiti, da tayar mota, yawancinsu sun kwana a kan ruwa kafin su hau bayan babbar mota. In ɗan fashi ya tare jirgi a mashigin tekun Gini, kamfanin inshora zai ƙara kuɗi, mai jirgi zai ɗora a kan kowace kwantena, ɗan kasuwa kuma ya ɗora a kan buhu. Mai sayen tiya ɗaya a bakin kasuwa ita ce ke biya a ƙarshe, ko da ba ta taɓa ganin teku ba. A shekarar 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin nan namu aka ɗauke su. A watan Janairun 2021 aka far wa jirgin kwantena mai suna Mozart bayan ya bar Legas, aka kashe injiniya ɗaya, aka tafi da mutum 15. Abin ya kai har ƙasar Denmak ta turo nata jirgin yaƙin a ƙarshen shekarar don ta tsare jiragen kasuwancinta. Yanzu kuma ga ɗanyen man Agadem da ke bin bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar Benin, inda aka fara lodinsa a jirgi a watan Mayun 2024. Arzikin ƙasa ne ke hawa ruwa. Wanda ya ce ba ruwanmu da teku bai duba lissafin da kyau ba.

To, maganata ita ce: ƙarfin rundunar ruwa ana auna shi da yawan kwanakin da jiragenta ke yi a kan teku suna sintiri. Hoton da aka ɗauka ranar bikin ƙaddamarwa ba ya nuna wannan. Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi da suka saba faɗa, cewa in kana son jirgi ɗaya ya kasance a bakin aiki kullum, sai ka mallaki uku: ɗaya yana teku, ɗaya yana gyara, ɗaya ana horar da mutanensa. Kuma kuɗin saye shi ne ƙaramin kaso. Mafi yawan abin da jirgi ke ci a tsawon rayuwarsa yana tafiya ne a mai, da albashi, da kayan gyara, da ɗaga shi daga ruwa lokaci-lokaci a kankare gindinsa a sake fenti, domin ruwan gishiri ba ya sassauta wa ƙarfe. Alhazanmu masu manyan motoci sun fi kowa sanin wannan. Wanda ya sayi tirela irin wadda babu bakaniken da ya san injinta daga nan har Kano, ranar da famfonta na gazuwal ya mutu, ranar za ta zama rumfar awaki a gareji, komai kyan fentinta.

Mu dubi maƙwabciyarmu Najeriya, wadda ta fi kowa rundunar ruwa a yankin nan. A 1982 ta karɓi NNS Aradu, wanda kamfanin Blohm da Voss na Jamus ya ƙera, jirgi mai tsawon kimanin mita 125, da makamai masu linzami da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. A lokacin abin alfahari ne ga Afirka ta Yamma duka. Ya je har Ingila a 2005 don bikin cika shekara 200 da yaƙin ruwa na Tarafalga. Amma shekaru masu yawa na rayuwarsa a ɗaure ya yi su a Legas yana jiran gyara, sai a 2023 aka sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya don a farfaɗo da shi. Ba ina faɗin wannan don in ci fuskar kowa ba ne. Jirgi ne guda ɗaya tilo irinsa a rundunar, mai injuna da na'urori masu wuyar sha'ani, kuma duk ƙaramin abin da ya lalace sai an nemo shi daga Turai da kuɗin waje. A daidai shekarun da yake ɗaure ne ƴan fashi da ɓarayin mai suka yi ta cin karensu ba babbaka da ƙananan kwale-kwale masu injin biyu.

Abin da ya taimaka wajen rage fashin daga 2021 zuwa gaba abubuwa ne da ba su da ƙyalli sosai. Akwai jiragen sintiri matsakaita irin su Centenary da Unity da aka sayo daga Sin, da tsoffin jiragen tsaron gaɓa biyu da Amurka ta miƙa, Thunder da Okpabana. Akwai shirin Deep Blue da aka ƙaddamar a watan Yunin 2021, mai haɗa ƙananan jirage masu gudu da jiragen sama da cibiyar sa ido. Akwai kuma dokar hukunta ƴan fashin teku ta 2019, domin kafin ita ko an kama mutum sai a rasa da wace doka za a gurfanar da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne jiragen da sojojin ruwan suka ƙera da hannunsu a ma'aikatarsu ta Legas: Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021. Ƙanana ne, ba za su tsorata wata babbar ƙasa ba, amma wanda ya walda jirgi da kansa ya san inda zai taɓa in ya yi tari.

Kada a ɗauka matsalar ta talaka ce kaɗai. Amurka ta tsara ƙera manyan jiragen yaƙi samfurin Zumwalt guda 32, ta ƙare da 3, kuma harsashin da aka yi wa manyan bindigoginsu ya kai kusan dala 800,000 kowane ɗaya, har aka fasa sayensa, bindigogin suka zauna babu abin harbawa.

Sai batun jiragen sauke dakaru a gaɓa, wanda sharhinku ya taɓo a gurguje. A nan ne nake ganin ƙasashenmu suka fi buƙatar natsuwa. Akwai manya irin Mistral na Faransa, masu tsawon kusan mita 200, da filin saukar jirage masu saukar ungulu a sama, da wani ɗaki a ciki da ake cika shi da ruwa don ƙananan jirage su fito ta baya. Faransa ta ƙera guda biyu don Rasha, rikicin Kirimiya na 2014 ya sa aka soke cinikin, Masar ta saye su ta karɓa a 2016. Irin wannan jirgi ba ya tafiya shi kaɗai. Yana buƙatar jiragen rakiya da za su kare shi, da jiragen sama da za su zauna a kansa, da ɗaruruwan ƙwararru. Wanda ya saye shi ba tare da waɗannan ba ya sayi nauyi ne.

Najeriya ta bi wata hanya da nake ganin ta fi dacewa da aljihu da kuma aiki. NNS Kada, wanda kamfanin Damen ya ƙera a Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya iso Legas a 2022, tsawonsa mita 100 ne. Ma'aikatansa 32, yana kuma ɗaukar soja 250. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, saboda haka yana iya matsowa har bakin rairayi, ya buɗe ƙofar goshinsa, ya sauke wata gadar ƙarfe, motocin sulke da na ɗaukar kaya su gangaro da ƙafafunsu ba tare da an nemi tasha ko ƙugiyar ɗaga kaya ba. Ya maye gurbin Ambe da Ofiom, irin jiragen da suka yi jigilar dakarun ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, zuwa Laberiya tun daga 1990. A shekarar da ya iso ma an tura shi Gini Bisau da kayan dakarun wanzar da zaman lafiya. Jirgi irin wannan yau ya kai soja, gobe ya kai buhunan abinci da tantuna inda ambaliya ta cinye hanya, jibi ya kwaso ƴan ƙasa da rikici ya rutsa da su a wata gaɓa. An fara tambayar wane aiki ake da shi, sannan aka nemi jirgin.

Yanzu bari in dawo gida, domin nan ne abin ya fi ci mini rai. Nijar ba ta da teku, amma tana da ruwan da ake mutuwa a kansa. Ranar 25 ga Afrilun 2015 ƴan Boko Haram suka afka wa tsibirin Karamga a tafkin Chadi da asuba, a cikin kwale-kwale masu inji. Gwamnati ta sanar da mutuwar soja 46 da farar hula 28. Bayan haka aka umarci mazauna tsibiran su tashi, dubban mutane suka fito a ƙafa zuwa Ngigmi da Bosso, suka bar taru da dabbobi da sana'ar banda da ta riƙe yankin Difa. Waɗannan yaran da suka faɗi a Karamga ƴaƴanmu ne, daga kowace jiha ta ƙasar nan ake ɗaukar su. Soja a tsibiri, in babu jirgin da zai kawo masa ɗauki da harsashi, ya kuma kwashe wanda ya ji rauni, an bar shi ne shi da Allahnsa.

Tafkin Chadi ba ya son babban jirgi. A wurare da yawa zurfinsa bai wuce tsayin mutum ba, bakinsa yana matsawa daga shekara zuwa shekara, ciyawa ta toshe mashigai, in ka shiga da inji mai doguwar ƙafa sai farfela ta naɗe ciyayi ta tsaya cik, sai wani ya sunkuya ya ɗaga injin ya warware da hannu, a wurin da maƙiyi ke iya kasancewa bayan kowane duhun kacala. Abin da ake buƙata a nan shi ne jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi da yawa, marasa nauyi, waɗanda mota za ta iya ja daga wannan gaɓa zuwa waccan, da injuna iri ɗaya irin waɗanda masunta ke amfani da su, don kayan gyaransu su samu a kasuwa. A horar da bakanikai tare da matuƙa, a rana ɗaya, a makaranta ɗaya. A koya wa sojan da zai hau ruwa iyo, domin yawancinmu ƴan tudu ne. A kuma jawo Buduma da Barebari da Hausawa masunta da suka san kowace mashiga, a biya su haƙƙinsu, a kare iyalansu. Haka ma kogin Kwara, da ya ratsa ƙasarmu kimanin kilomita 550 daga wajen Ayoru zuwa Gaya, inda Sarkawa suka san ruwan kamar tafin hannunsu. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta Benin a 2023, mutane da kaya a kwale-kwale suke tsallakawa, kuma duk inda jama'a suka taru a kan ruwa haka, ana buƙatar mai sa ido da mai ceto.

Jiragen nan ba za su zauna banza ba ko da an samu zaman lafiya. A daminar 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna, Yamai kanta sai da ruwa ya yanke hanyoyin shigarta. Jirgin da ke sintiri a Difa da rani, irinsa ne ƴan kwana-kwana ke nema a bakin Gulbi da damina.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A tsarin tsaron teku da aka amince da shi a Yawunde a watan Yunin 2013, an raba gaɓar zuwa shiyyoyi, kuma shiyyar da ake kira E ta haɗa Najeriya da Benin da Togo da Nijar, cibiyarta tana Kwatano. An sa mu a ciki ne saboda an san kayanmu ta nan suke bi. Siyasa ta canza, mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairun 2025, kuma kaya da yawa sun koma bin Lome ta Burkina Faso. Amma Lome ma a bakin wannan tekun take, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa shi ma a Legas zai haɗa mu da ruwa. Ina roƙon mahukuntanmu, duk yadda dangantaka ta kasance, su riƙe hanyar musayar labari da masu tsaron wannan teku.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne in za ku sake rubutu a kan wannan batu, ku tura wakilinku Difa da Gaya ya gano mana da idonsa: jirage nawa ke kan ruwa, nawa ke kife a gaɓa, ina ake gyara su, kuma wa ke koya wa yaranmu tuƙa su. Iyayen da ƴaƴansu ke bakin tafki suna da haƙƙin jin amsar.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara basira, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba ƙasarmu lafiya.

Naku,
Mai karatunku, tsohon ɗan fiton kaya,
daga Maraɗi.