Wasiƙa zuwa ga aminina: kada ka rufe littafin nan

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, kuma sau uku na karanta shi, domin akwai magana ɗaya a ciki da ta hana ni sakat. Ka ce ka rufe littafin zanen na'urar tace ruwan nan da ka shekara uku kana fama da ita, wai ka gane kai ba mai kasada ba ne, ƙirƙira kuwa sai masu ƙarfin halin ajiye aiki su zuba duk abin da suka tara. Ka ƙara da cewa hali zanen dutse ne. Wallahi abin ya dame ni, don na san ba haka kake ba.

Bari mu fara da halin. Masana halayyar ɗan Adam sun kasa ɗabi'un mutane gida biyar: son sabon abu, kiyaye tsari da cika aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa. A cikin biyar ɗin, wanda ya fi tafiya tare da ƙirƙira shi ne na farko, wato mutum ya zama mai yawan tambaya, mai son leƙa abin da bai sani ba. A 1998 wani masani, Gregory Feist, ya tattara binciken da aka yi shekaru da dama a kan masana kimiyya da masu fasaha, ya ga wannan hali yana ta maimaituwa a wurin waɗanda suka fi ƙirƙira.

To, ka tuna rediyon nan tawa da ta daina magana lokacin muna ɗalibai? Ni na ce a yar da ita. Kai kuwa ka shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ka kwance ta gaba ɗaya, kowane ƙusa ka cire sai ka ajiye shi ka rubuta lamba a gefensa. Har dare ya raba kana tsugune da tocila a baki. Rediyon ba ta tashi ba, amma da safe ka zo kana yi mini bayanin yadda murya ke tafiya a iska, idanunka jajur saboda rashin barci. Mai wannan hali ne yau yake ce mini ba shi da rabo a ƙirƙira? Ga son sani, ga tsari. Da wuya ka sami mutum ɗaya da ya haɗa biyun.

Inda ka yi kuskure shi ne ka ɗauki kasada abu guda. A 2002 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Elke Weber, da abokan aikinta suka fito da ma'aunin da ya raba ta kashi biyar: ta kuɗi, ta lafiya, ta wasanni masu haɗari, ta keta doka ko ƙa'ida, da ta mu'amala da mutane. Suka nuna mutum yana iya zama jarumi a ɗaya, matsoraci a wata. Wani zai diro daga jirgin sama da lema, amma ba zai iya buɗe baki ya saɓa wa shugabansa a taro ba. Daga baya, a 2017, masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila suka duba wacce ce a cikinsu ta fi alaƙa da ƙirƙira. Ba ta kuɗi ba ce. Ta mu'amala ce: ka faɗi ra'ayin da ka san za a iya yi wa dariya, ka nuna aikin da bai gama nuna ba.

Dubi Albert Einstein. A 1905, shekarar da ya fitar da takardu huɗun da suka girgiza ilimin kimiyyar fiziks, ma'aikaci ne a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan, yana karɓar albashi. Bai bar ofishin ba sai 1909. Bai saki reshe ya kama ganye ba. Hankalinsa a kwance yake ta fuskar abin rufin asiri, shi ya sa ya sami sararin saɓa wa manyan malamai.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Barry Marshall, likitan Ostireliya. A lokacinsa likitoci sun yi ittifaƙi cewa damuwa da yawan sinadarin asid a ciki ke kawo gyambon ciki. Shi da abokin aikinsa Robin Warren suka ce a'a, ƙwayar cuta ce. A 1984 ya kurɓe ruwan da ke ɗauke da ƙwayar, ya kamu da kumburin ciki. Mutane wannan kurɓar suke tunawa, ni kuwa abin da nake jinjina wa shi ne shekarun da ya yi yana tsayawa gaban na gaba da shi suna girgiza kai. Kurɓa ta minti ɗaya ce. Sai a 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel.

Na san zafin abin, ba ina faɗa daga nesa ba ne. Bara, a wani taro a wurin aikinmu, ina da shawarar da za ta rage mana wahala sosai. Na rubuta ta a bayan takarda, na buɗe baki, sai na ji maƙogwarona ya bushe, na yi shiru. Bayan wata biyu wani ya kawo irinta, aka karɓa. Na daɗe ina jin ciwon wannan shirun. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciya, daga baya suka kimanta shi da kusan ninki biyu. Haka kunyar minti biyar ta rinjaye ni, kuma ita ce nake zargin ta rufe littafinka, ba tsoron talauci ba. Shekara uku, aminina, ko mutum ɗaya ba ka nuna wa ba.

Don haka ba na ce ka ajiye aiki ba, kada ma ka fara. Roƙona ƙarami ne. Cikin watan nan ka nemi injiniya ɗaya wanda ya fi ka sanin harkar ruwa, ka buɗe masa littafin, ka bar shi ya kushe duk abin da zai kushe, kana rubutawa. In ya ce matatar ba za ta yi aiki ba, ka tambaye shi ta ina. Ni ma ka ɗauko mini hoton shafukan ka turo, musamman zanen ƙarshe da ka ce ruwa yana tsayawa a bututun tsakiya. Akwai abin da nake tunani a kansa.

Ka gaida mini uwargida da yara. Ina jiran hotunan kafin ƙarshen mako.

Naka har kullum,
Amininka