Shekara 20 bayan Katrina: a auna gwamnatin Luwiziyana da abin da ke hannunta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci kan rahoton da kuka buga na cika shekara 20 da mahaukaciyar guguwar Katrina, wadda ta afka wa jihar Luwiziyana ta Amurka ranar 29 ga Agusta, 2005. Rahoton ya yi kyau, sai dai ya fi karkata ga katangu da ƙofofin tare ruwa da aka kewaye birnin New Orleans da su, har mai karatu zai ɗauka magana ta ƙare ke nan. Wannan gagarumin aiki na kimanin dala biliyan 14 da rabi, akasarin kuɗinsa daga gwamnatin tarayya ya fito, kuma rundunar injiniyoyin sojan Amurka ce ta gina shi, ita ce dai ta gina katangun farko da suka ɓalle suka bar kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin a cikin ruwa. Wanda ke son ya auna gwamnatin jihar, sai ya duba ayyukan da ke wuyanta ita kanta, domin a nan ne yabo da zargi suke.

A faɗi gaskiya, jihar ta yi abin kirki tun da wuri. A Disambar 2005, zamanin Gwamna Kathleen Blanco, aka kafa hukuma guda ɗaya mai kula da kare gaɓar teku da farfaɗo da ita, aka haɗa ayyukan da a da suke warwatse a ma'aikatu daban-daban. A 2006 kuma aka yi wa kwamitocin kula da jinga na yankin New Orleans garambawul, aka shigo da injiniyoyi da masana ruwa cikin kujerun da a da 'yan siyasa ke rabawa tsakaninsu. Masu karatu da suka ga abin da fashewar dam ɗin Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024 ba sa buƙatar a yi musu bayanin amfanin samun wanda aikinsa ke nan ya riƙa zagaya jinga yana neman tsaga.

Amma a wajen mayar da mutane gidajensu, shirin jihar mai suna Road Home ya bar tabon da har yau bai goge ba. An tsara za a ba mai gida tallafin da bai wuce dala 150,000 ba, kuma ana lissafa shi ne da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin darajar gidan kafin guguwa da kuɗin gyara shi. A takarda wannan ƙa'ida ba ta nuna bambanci, amma a ɗauki gidaje biyu masu girma ɗaya da ruwa ya shanye har rufi, ɗaya a unguwar masu hali, ɗaya a unguwar talakawa baƙaƙen fata irin Lower Ninth Ward. Katako da siminti da ladan kafinta farashinsu ɗaya ne a unguwannin biyu, sai dai darajar gidan talaka a kasuwa ba ta kai ta ɗayan ba, saboda haka mai hali ya karɓi abin da zai ishe shi gini, talaka kuwa ya karɓi abin da zai kai shi rabin hanya ya tsaya. Sai da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka shigar da ƙara a 2008 kafin a sasanta a 2011, lokacin da iyalai da yawa sun riga sun yi zamansu a Houston da Atlanta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne daga baya jihar ta maka dubban masu gidaje a kotu, tana neman su dawo da tallafin ɗaga gida sama domin kauce wa ambaliya, wanda suka kashe wajen gyara, kuma ba a janye ƙararrakin ba sai a 2023.

Guguwar Ida, wadda ita ma ta sauka ranar 29 ga Agusta amma a 2021, ta gwada sababbin katangun, kuma sun riƙe. Garuruwan da ke wajen katanga, irin su Lafitte da LaPlace da Grand Isle, su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Shekara guda kafin nan guguwar Laura ta ɗaiɗaita Lake Charles, inda aka daɗe ana ganin shuɗin tamfol a kan rufin gidaje saboda jinkirin kuɗin sake gini daga Washinton.

Wannan ya kawo ni ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙasar Luwiziyana kanta ce ke nutsewa. Daga shekarun 1930 zuwa yau jihar ta yi asarar kusan murabba'in mil 2,000 na fadamun gaɓar teku, kuma an san dalili. Kogin Misisipi ne ya gina wannan ƙasa da lakar da yake zubarwa duk lokacin da ya cika ya tumbatsa. Da aka ɗaure shi da jinga hagu da dama, sai lakar ta riƙa wucewa kai-tsaye cikin zurfin Tekun Mekziko, ga kuma hanyoyin ruwa da kamfanonin mai da iskar gas suka tsattsaga cikin fadamun, waɗanda suka buɗe wa ruwan gishiri ƙofa ya kashe ciyayi. Fadamun nan su ne ke rage wa igiyar teku ƙarfi kafin ta iso katanga. Domin haka ne jihar ta fitar da babban tsarin kare gaɓarta a 2007, ta sabunta shi a 2012 da 2017 da 2023, tsari ne na dala biliyan 50 cikin shekara 50, kuma ya rayu a hannun gwamnonin manyan jam'iyyun Amurka biyu, abin da ba kasafai ake gani ba a siyasar ko'ina.

Ƙashin bayan tsarin shi ne aikin Mid-Barataria, wato a yanka ƙofa a jikin jingar kogin a ƙasa da New Orleans, a bar ruwa mai laka ya kwarara cikin fadama ya sake gina ƙasa, wadda aka ƙiyasta za ta kai murabba'in mil 21 cikin shekara 50. Gwamna John Bel Edwards ya ƙaddamar da aikin na kusan dala biliyan 3 a Agustan 2023. Magajinsa Jeff Landry, da ya hau kujera a Janairun 2024, ya nuna bai gamsu ba, kuma a Yulin 2025 aka soke aikin bayan an riga an kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Ba na raina koken masunta na gundumar Plaquemines, inda aka so yin aikin, waɗanda suka nuna adawa da shi. Mutumin da ya gaji kamun jatan lande da kawa daga kakanni, aka ce masa ruwan daɗi zai mamaye inda yake cin abinci, yana da gaskiyar yin kuka, kuma tashin farashin aikin ma abin dubawa ne. Duk da haka ina ganin an yi gaggawa. Hanyar da gwamnati ta fi karkata gare ta yanzu, wato ƙaramar ƙofa haɗe da yaso laka daga gindin kogi ana tura ta cikin bututu, tana samar da ƙasa da sauri, amma ƙasar da aka zuba da inji tana ci gaba da nutsewa, sai an sake biya an sake zubawa, alhali kogi kullum yana kawo lakarsa kyauta. Kuma kuɗin da ake tinƙaho da su akasari diyya ce ta malalar man kamfanin BP ta 2010, wadda biyanta zai ƙare a farkon shekarun 2030. Kamfanonin inshora tuni suka yi nasu lissafin: bayan guguwowin 2020 da 2021 kusan goma sha biyu sun durƙushe, kuɗin inshorar gida ya yi tashin gwauron zabo, kuma tallafin dala 10,000 da jihar ke bayarwa domin ƙarfafa rufi, ko da yake dabara ce mai kyau, ba zai hana teku matsowa ba.

Ina roƙon ku, ya Edita, idan za ku sake waiwayar wannan batu, ku sa wakilinku na Amurka ya binciko mana abu biyu: girman ƙasar da aikin da zai maye gurbin Mid-Barataria zai samar, da kuma inda jihar ke shirin samo kuɗin ci gaba da tsarin idan diyyar BP ta ƙare.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya