Kada a yi wa kwamfuta fomatin don tsohon gem ya ƙi tashi

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu shagunan gem da 'yan'uwana masu gyaran kwamfuta.

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, jama'a ke komawa Windows 11, koke kuma ya yi yawa: PES 2013 ya ƙi tashi, GTA Vice City ya ƙi buɗewa. Abin da ke damuna shi ne fomatin, wato goge duk abin da ke cikin kwamfuta a sake sa Windows, ake fara rugawa a yi, a salwantar da takardun mutane, matsalar kuma tana nan daram. Saƙon da ya fito a allo ya riga ya faɗi ciwon, karanta shi ne ba a yi.

Idan ya ce babu d3dx9_43.dll ko makamancinsa, fayilolin DirectX 9, manhajar Microsoft da gem ke amfani da ita wajen hoto da sauti, ne ba su cika ba, domin DirectX 12 da ke zuwa da sabuwar Windows ba ya ɗauke da su. A sauko da DirectX End-User Runtimes na Yunin 2010 daga shafin Microsoft, a warware shi cikin folda, a danna DXSETUP.exe. Idan msvcr100.dll ya ambata, Visual C++ 2010 yake nema, wato wani ƙunshin fayilolin Microsoft da manhajoji ke dogaro da shi, msvcr110.dll kuma na 2012 ne. A nan da yawa ke tuntuɓe. Mutum ya ga kwamfutarsa 64-bit ce, sai ya sa Visual C++ na x64 (na 64-bit) kaɗai, alhali tsohon gem 32-bit ne, na x86 yake buƙata. A sa duka biyun, ba sa hana juna aiki.

Don Allah a daina kwaso irin waɗannan fayilolin DLL ɗai-ɗai daga shafukan da ba a san asalinsu ba ana zubawa a foldar System32. Sunan ne ke ruɗar mutane: a Windows 64-bit, System32 ta fayilolin 64-bit ce, na 32-bit kuwa a SysWOW64 suke. Da zarar an cakuɗa su sai lambar 0xc000007b ta fito, ban da ƙwayar cutar da kan biyo irin waɗannan fayiloli.

Gem da ya nemi DirectPlay maganinsa na cikin kwamfutar. A shiga Control Panel, Programs and Features, Turn Windows features on or off, a buɗe Legacy Components a yi wa DirectPlay alama. A kuma girka gem ɗin a C:\Games maimakon Program Files, domin tun Windows Vista ake hana manhaja rubutu a can ba izini, shi ya sa wasu gem ba sa adana inda aka tsaya. In ya ci gaba da gardama, a danna fayil ɗinsa da maɓallin dama, Properties, Compatibility, a zaɓi Windows XP Service Pack 3 tare da Run as administrator.

Masu faifan CD na asali su ne na fi tausaya wa. Gem ya hau lafiya, a danna shi, shiru. Yawanci SafeDisc ce, kariyar hana kwafar faifai, wadda ta dogara da fayil ɗin secdrv.sys. Windows 10 ta fito a 2015 ba ta karɓarsa saboda kafa ce ta ɓarna, a Satumban shekarar kuma aka kashe shi a Windows 7 da 8. Compatibility ba ya tsinana komai a nan. Ko dai a nemi sabon bugu a shafukan sayar da gem na GOG ko Steam, ko a keɓe tsohuwar kwamfuta mai XP wadda ba a haɗa ta da intanet ba.

Sai gem na shekarun 1990 da manhajar girka su 16-bit ce. Windows 64-bit ba ta sarrafa irinsu sam, Windows 11 kuwa 64-bit ce kaɗai. A buɗe setup.exe ta hanyar winevdm, manhajar da ke tayar da irinsu a Windows 64-bit; na zamanin DOS kuma a sa su cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS. Dukansu kyauta ne.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Daga wani mai gyaran kwamfuta, Kano.